Alhambra: yadda daula mai biyan haraji ta gina fada a kan tudun da ba ruwa

A shekarar 1238 da Muhammadu ɗan Yusufu ɗan Nasr, wanda aka fi sani da Ibn al-Ahmar, ya zaɓi tudun Sabika da ke saman birnin Garnaɗa, a kudancin Sifen ta yau, don ya kafa fadarsa Alhambra, ƙasar Andalus tana zubewa ne gari bayan gari. Tun 1212 sarakunan Kiristocin arewa suka karya lagon Muwahhidawa, daular Musulmin da ke riƙe da Andalus a lokacin, a yaƙin Uƙab. Kurɗuba ta faɗi a 1236, Balansiya a 1238, Ishbiliya kuma ta bi su a 1248. Shi kansa Ibn al-Ahmar bai tsira da takobi ba. A 1246 ya je gaban Fernando na Uku, sarkin Kastil, ya kai caffa, ya sallama masa garin Jayyan, ya yarda zai riƙa biyan kuɗin marabedi 150,000 kowace shekara. Har mahayansa ya aika suka taya Fernando ƙawanyar Ishbiliya, birnin 'yan uwansa Musulmi.

Da wannan ya kamata a fara duk wata magana a kan Alhambra. Mutane da yawa idan suka ga hotunanta sai su ɗauka aikin wata babbar daula ce mai ƙarfi da tarin zinariya, irin ta halifofin Kurɗuba. Ba haka ba ne. Ƙaramar masarauta ce ta gina ta, wadda aka matse tsakanin duwatsu da teku, tana sayen zaman lafiya da haraji, tana lallaɓa Kastil a arewa da Banu Marin na Maroko a kudu. Kusan duk abin da ke cikin ginin, daga inda aka aza shi zuwa kayan da aka yi shi da su, amsa ce ga wannan matsi. A ganina wannan ya fi ban sha'awa nesa ba kusa ba a kan labarin ƙasaita da aka saba bayarwa, domin mai ƙarfi kowa ya san abin da zai iya.

Tudun Sabika wani ɗan hannu ne da ya miƙo daga duwatsun Siyera Nebada. Samansa dogo ne siriri, tsawonsa kamar mita 740, faɗinsa a inda ya fi buɗewa bai wuce mita 205 ba sosai. Ta arewa gangare ne mai tsananin tsayi da ya sauka zuwa kogin Darro, ta kudu kwari, ta gabas kuma wani kwazazzabo ya raba shi da tudun da ke bayansa. Ga mai neman tsaro, babu kamarsa: daga can ana hangen birnin duka da filin noman da ke gabansa. Akwai tsohuwar ganuwar soja a kan hancin tudun tun ƙarni na 9, amma sarakunan da suka gabata a tsallaken kogi suka zauna, a unguwar Albaisin. Dalili ɗaya ne. Babu ruwa a saman Sabika. 'Yan tsirarun sojoji za su iya rayuwa da ruwan sama da wanda aka ɗebo daga kogi, amma ba za a kafa gari a kan haka ba.

Abin da Ibn al-Ahmar ya fara yi ke nan, tun kafin wata fada ta tashi. Maginansa suka bi kogin Darro suka haura kamar kilomita shida, har inda gadon kogin ya fi saman tudun tsayi. A nan suka yi madatsa, suka karkatar da ruwan cikin wata magudana da aka haƙa a jikin tsauni, tana bin kwane-kwanen gangaren da ɗan sauki kaɗan, yadda ruwan zai tafi da kansa ba tare da ya yi gudun da zai cinye bakin magudanar ba. Sunanta Magudanar Sarki. Tana fara ratsa gandun sarki da ke tudun baya, sannan ta tsallake kwazazzabon a kan wata 'yar gada, ta shiga ganuwa ta kusurwar gabas, ta bi babban titin garin tana gangarawa yamma, ana yanko mata rassa zuwa gidaje da wuraren wanka da masallaci da majema. Ba inji, ba famfo. Nauyin ruwa ne kawai da sanin tudu da gangare. Daga baya da aka so noma filayen da suka fi magudanar tsayi, sai aka raba kashi ɗaya cikin uku na ruwan aka bi da shi ta sama, aka kuma haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa zuwa gindin wata rijiya, dabba na juya ƙafar ɗiban ruwa tana ɗaga shi zuwa babban tafkin ajiya.

Wanda ya gane wannan ya gane tsarin wurin. Alhambra ba gida ɗaya ba ce, gari ne mai ganuwa da hasumiyoyi wajen talatin. A yamma akwai Alkasaba, barikin soja, da gidajen dakaru da gidan burodi da ramukan da ake tsare fursunoni. A tsakiya ta gefen arewa fadoji suke, a kan bakin gangare inda iska ke kaɗawa kuma maƙiyi ba ya iya hawowa. Sauran filin na ma'aikatan fada ne da masu sana'a: an tono majema da wuraren gasa tukwane, a da akwai masallacin Juma'a da Muhammadu na Uku ya gina a farkon ƙarni na 14, akwai maƙabartar sarakuna da ake kira Rauda. Fadojin ma sun kai shida ko bakwai a da. Biyu ne suka rage a tsaye sosai, sai ɓurɓushin wasu.

Ganuwar kanta da ƙasar tudun aka yi ta. Magina kan kafa alluna biyu suna fuskantar juna, su zuba jar ƙasa mai tsakuwa da aka gauraya da farar ƙasa, su daddaɓe ta har ta ƙanƙame, su cire allunan su matsa gaba. Har yau ana ganin layukan ƙananan ramuka a jikin bangon, gurbin sandunan da suka riƙe allunan. Jan launin da ya sa Larabawa suka kira wurin Alhamra daga wannan ƙasa yake. Ba a yi jigilar manyan duwatsu daga nesa ba, kuma aikin yana sauri, abin da mai tsoron a far masa gobe yake buƙata.

Gine-ginen da duniya ke zuwa kallo kusan duk na sarakuna biyu ne, uba da ɗa: Yusufu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1333 zuwa 1354, da Muhammadu na Biyar. Zamanin Yusufu ba na nasara ba ne. A 1340 shi da sarkin Banu Marin suka sha mummunan kaye a kusa da Ɗarifa, a 1344 aka ƙwace Aljaziras, tashar da taimako ke shigowa ta nan daga Maroko, a 1348 kuma annobar da ta kashe Turai ta iso gaɓar masarautarsa. A wannan shekarar ce aka kammala Ƙofar Shari'a, babbar mashigar kudu, mai hoton tafin hannu a kan bakan waje da mabuɗi a kan na ciki. Wanda ya shiga ba zai miƙe ba. Hanya za ta karya da shi dama, ta karya hagu, cikin duhu-duhu, yadda mahaya ba za su iya kutsawa a guje ba.

Wannan karye-karyen hanya ya bi har cikin fada, kuma Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka zaure da shigifa suke hana na waje hango tsakar gida. Jakadan da ya zo ganin sarki zai fara bi ta Mashwar, inda ake zaman majalisa da sauraron ƙara. Daga nan ya fito wata 'yar farfajiya, ya tarar da bango mai ado tun daga ƙasa har indararo, an rubuta Ayatul Kursiyyu a jikinsa, da ƙofofi biyu iri ɗaya sak. Ta hagu ce ke kaiwa ga sarki. Zai bi wani lungu mai duhu mai kwana, sai kwatsam ya faɗo cikin haske: doguwar tsakar gida, tafki mai tsawon mita 34 a tsakiya, shingen shukar raihani a gefe biyu, a ƙarshe kuma hasumiyar Komares mai tsayin mita 45 tana tsaye, ga ta kuma a kife cikin ruwa. An tsara bakin da ruwa ke shiga tafkin yadda zai zuro a hankali, kada ya motsa fuskar ruwan ya ɓata hoton. Hasumiyar ta ninka tsayinta a idon baƙo ba tare da an ƙara tubali ɗaya ba.

A cikin hasumiyar zauren gadon sarauta yake, faɗinsa mita 11 da 'yan kai ta kowane gefe, tsayinsa ya haura mita 18. Kaurin bangon ya isa a fafe ƙananan ɗakuna tara a cikinsa, uku-uku a ɓangarori uku. Sarki kan zauna a na tsakiya ta arewa, taga mai gilashi kala-kala a bayansa, don haka wanda ya shigo daga hasken rana ba zai ga fuskarsa sosai ba, shi kuwa yana ganin kowa. Idan baƙon ya ɗaga kai zai ga rufin katako da aka harhaɗa da guntaye 8,017, taurari jere hawa bakwai suna tattaruwa zuwa wata 'yar ƙubba a ƙololuwa. A ƙarƙashin rufin an zagaye zauren da Suratul Mulk, wadda ke ambaton Wanda ya halicci sammai bakwai hawa-hawa. Sarkin da ke biyan haraji ga maƙwabcinsa yana zaune ne ƙarƙashin surar da ta buɗe da cewa mulki a hannun Allah yake. Taken gidan sarautar ma, wanda aka maimaita a bango sau ɗaruruwa, shi ne babu mai rinjaye sai Allah. Ina ɗaukar wannan rubutu da gaske. Mutanen da suka sa aka sassaƙa shi sun san iyakar ƙarfinsu ƙwarai.

Sun kuma san cewa haɗarin cikin gida ya fi na waje kusa. An kashe Isma'ila na Ɗaya a cikin fadar a 1325. An kashe ɗansa Muhammadu na Huɗu a 1333. Yusufu na Ɗaya yana cikin sallar Idin ƙaramar salla a 1354 wani ya daɓa masa wuƙa. Muhammadu na Biyar bai shekara biyar cikakku a kan gado ba 'yan uwansa suka tumɓuke shi a 1359, ya gudu Fas, sai a 1362 ya dawo da taimakon Pedro, sarkin Kastil. Abota ce ta gaske tsakanin su biyun. Ibn Khaldun da kansa Muhammadu ya aika jakada wurin Pedro a 1364, kuma magina daga Garnaɗa sun yi aiki a fadar da Pedro ya gina a Ishbiliya, inda har yau taken Banu Nasr, wato gidan sarautar Garnaɗa, yake rubuce a goshin ginin sarkin Kirista.

Bayan dawowarsa ne Muhammadu ya gina Fadar Zakuna, ya kuma yi mulki har 1391. A nan fasahar ta kai ƙarshenta. Ginshiƙai 124 na farin dutsen mabul daga Makayel suka zagaye tsakar gidan, sirara ƙwarai, wani shi kaɗai, wasu biyu-biyu, wasu uku ko huɗu a kusurwa, yadda ido ba ya gajiya da jerin. Tsakanin gaɓoɓin kowane ginshiƙi an sa faifan darma, wanda ke ba shi damar ɗan motsawa idan ƙasa ta girgiza, kuma Garnaɗa wurin girgizar ƙasa ce. Bakunan da ke saman ginshiƙan kuwa ba su ɗauke da komai. Nauyin rufin yana kan tubali da katakon da aka ɓoye. Abin da ake gani labulen filasta ne da aka huhhuda har haske na ratsa shi. A tsakiya zakuna 12 na dutse suna goye da babban kwano, ruwa na fita daga bakunansu, magudanai huɗu kuma suna haɗa su da ɗakunan da ke gabas da yamma da kudu da arewa. Da aka sauke zakunan don gyara tsakanin 2007 da 2012, aka kankare dattin ƙarnoni, sai ya bayyana kowanne da irin fuskarsa da gashinsa.

Ƙubbar Ɗakin 'Yan Uwa Mata Biyu ita ce abin da ya fi wuyar bayani ga wanda bai gani ba. Ana kiran aikin mukarnas. Ƙananan guntayen filasta ne masu siffofi 'yan kaɗan, ana zuba su a mazubi, a liƙa wannan jikin wancan, hawa kan hawa, har su zama rufi mai ramuka-ramuka sama da 5,000 da ke rataye daga katakon da ke samansa. An jera tagogi 16 a gindin ƙubbar, don haka hasken yana shiga ta ƙasa ya bugi kowane rami ta fuska dabam, yana sauyawa daga safe zuwa yamma. A da duk fenti ne, ja da shuɗi da kore da ruwan zinariya. Launin ƙasa-ƙasa da ake gani yanzu tsufa ne.

Akwai masana Turai da suka daɗe suna cewa wannan duk ado ne na mai shirin faɗuwa, ƙasa da filasta da katako da aka yi wa kwalliya don a ɓoye talauci. Ban yarda ba. Gaskiya ne kayan masu araha ne. Amma filasta ce ta ba su abin da dutse ba zai bayar ba: ana sassaƙa ta tun tana da ɗanye, ana maimaita zane da mazubi, sarki na iya ganin ƙarshen ɗakinsa kafin a tumɓuke shi, kuma tana karɓar rubutu. Rubuce-rubucen da ke bangayen Alhambra sun kai wajen 10,000. Ba wai an gama gini aka zo aka ƙawata shi da baiti ba. An tsara waƙar ne don wurin da za ta zauna, sau da yawa ginin ne ma ke magana da bakinsa, taga tana bayyana abin da take hange, alkukin da ake ajiye tulun ruwa yana yi wa mai ƙishi maraba.

Mawaƙan kuwa ba maroƙa ba ne, su ne waziran daular. Ibn al-Jayyab ya rasu a annobar 1349. Almajirinsa Lisanuddin Ibn al-Khaɗib, masanin tarihi da likitanci, ya gaje shi, har ya zama mutum na biyu a masarautar, sannan ya tsere Maroko a 1371 da ya ga an fara yi masa zagon ƙasa. Aka bi shi da tuhumar zindiƙanci, aka shaƙe shi a kurkukun Fas a 1374. Cikin waɗanda suka jagoranci tuhumar har da almajirinsa Ibn Zamrak, mai baitocin da ke zagaye da kwanon zakuna, wanda shi ma aka kashe shi a gidansa wajajen 1393 da umarnin sarki. Duk mai son Andalus ya kamata ya riƙe wannan tare da kyan ƙubbobin, kada kukan rashi ya rufe masa ido. Garin dai bai rasa malamai ba har kusan ƙarshe. Alƙalin alƙalansa Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426, shi ne mai Tuhfatul Hukkam da har gobe ake karantawa a zaurukanmu, alƙalan kotunan shari'a kuma suna kafa hujja da ita.

A tudun baya, inda magudanar ke fara isowa, gandun sarki yake, wanda ake kira Janaralife. Yau an san shi da furanni, amma asalinsa gona ce da ɗan gidan hutu a tsakiya. An yanka gangaren hawa-hawa, an tokare kowane hawa da bangon daɓe, ana noma kayan lambu da itatuwan marmari, sama kuma makiyaya ce. Lambuna huɗu daga cikinsu har yanzu ana noma su. Akwai wata matakala da ruwa ke gudu a cikin madafar hannunta, mai hawa yana iya tsoma yatsu. Amma layukan ruwa masu feshi da suka cika hotuna ƙari ne na ƙarni na 19, manyan lambunan ƙofar shiga kuma a ƙarni na 20 aka dasa su.

Ranar 2 ga Janairun 1492 Abu Abdullahi Muhammadu na Goma Sha Biyu, sarkin Garnaɗa na ƙarshe, ya miƙa mabuɗai ga Fernando na Aragon da matarsa Isabela ta Kastil. Kafin ya tafi ya tone ƙasusuwan kakanninsa daga Rauda ya tafi da su, daga baya ya ƙetara Fas. Yarjejeniyar ta yi alkawarin barin Musulmi da addininsu da shari'arsu. Ba a kai shekara goma ba aka karya ta, aka tilasta musu shiga Kiristanci. Yahudawa tun a watan Maris na 1492 aka sa hannu a takardar korarsu. Cikin iyalan da suka bar Garnaɗa a wannan zamani akwai na wani yaro, Hasan al-Wazzan, wanda ya girma a Fas, kuma a littafin da ya kammala a Rum a 1526 ya ba Turawa labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Abin da ya ceci ginin shi ne sababbin sarakunan sun so shi. Sun mai da shi gidan sarauta, suna biyan magina Musulmi su gyara shi da irin aikin da suka gada. A wannan shekara ta 1526 jikansu Karlos na Biyar ya sauka a nan da amaryarsa, ya ba da umarnin a gina masa tasa fadar a manne da ta Komares. Pedro Machuka ya fara ta a 1527: katafaren ginin dutse mai kusurwa huɗu, mita 63 kowane gefe, da zagayayyiyar tsakar gida a ciki, salon Italiya tsantsa. Kuɗin aikin daga aljihun tubabbun dole ya fito, harajin da suka biya don a ƙyale su da tufafinsu da harshensu. Da suka yi tawaye a 1568 aka watsa su, kuɗi ya yanke, aikin ya yi ta jan ƙafa har aka watsar da shi a 1637 ba rufi. Karlos bai taɓa kwana a ciki ba. Masallacin Juma'a kuma an rushe shi, aka gina coci a gurbinsa.

Sauran ɓarnar ta zo kashi-kashi. A 1590 wani gidan albarushi ya fashe a kwarin Darro ya lalata rufin ɗaya daga ɗakunan Fadar Zakuna. A ƙarni na 18 aka yi watsi da wurin, talakawa da tsofaffin sojoji suka tare a ɗakunan sarakuna. Sojojin Napoleon sun zauna daga 1810, da za su fita a 1812 suka tarwatsa hasumiyoyi da dama na gefen kudu da gabas, har da wadda ruwa ke shiga ta wajenta. Daga nan marubuta da masu zane na Turai da Amurka suka gano wurin, suka cika shi da tatsuniyoyi, a 1870 gwamnatin Sifen ta ayyana shi abin tarihi na ƙasa, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1984.

Gyaran ƙarni na 19 shi ma ya yi tasa ɓarnar. Iyalin Kontreras, waɗanda suka riƙe aikin uba da ɗa da jika, sun ceci abubuwa da yawa daga zubewa, amma inda ado ya ɓace sai su ƙirƙiro nasu, yadda suke zaton ginin Gabas ya kamata ya kasance. A 1859 Rafayel Kontreras ya ɗora wata zagayayyiyar ƙubba mai tayil kala-kala a kan rumfar gabas ta Fadar Zakuna, abin da babu maginin Banu Nasr da ya taɓa yi. Leopoldo Torres Balbas, wanda ya karɓi aikin a 1923, ya zo da wata ƙa'ida dabam: a tokare abin da ke shirin faɗuwa, a mayar da siffar gini inda akwai hujja, amma kada a sassaƙa ƙarya. A rumfar Partal, ɗaya daga tsofaffin fadojin, inda adon bakuna ya zube, ya cike gurbin da guntayen filasta marasa zane, yadda daga nesa za a ga siffar ta cika, daga kusa kuma kowa ya san wanne ne tsoho wanne ne sabo. A 1934 ya sauke ƙubbar Kontreras ya mayar da rufin tayil mai tsini. Mutanen Garnaɗa, waɗanda suka tashi suna ganin ƙubbar a katin gaisuwa, suka yi masa ca a jaridu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1936 aka raba shi da muƙaminsa, bai sake komawa aikin ba, amma rufin da ya ɗora shi ne a kan rumfar har yau.